Dogo Ko a Kwance

Asabar

Uwargida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Babba da Auta. Yaya sabon asibitin da aka mayar da ke, yaya marasa lafiyarki? Ina fatan tarin Auta ya lafa. Ni lafiyata ƙalau, sai dai gidan ya yi mini girma tun da kuka tafi.

Kin ce kin gaji da kirana a waya, wai ke kina ta zuba, ni kuwa daga "to" sai "haka ne", don haka in riƙa rubuto miki. Ban musa ba. Kin san ni, in ba takarda aka ba ni ba, ba a jin cikina. To ga shi, sai ki sha karatu.

Kin tambayi jikin Dogo. Da sauƙi, irin sauƙin da ake faɗa don kada a yi shiru. Ɓarin dama har yanzu ba ya motsi, in kuma ya yi niyyar cewa ruwa sai ki ji wani abu dabam ya fito. Kin fi ni sanin shanyewar ɓarin jiki, aikinki ne. Amma ni ne na zauna ɗaki ɗaya da mutumin nan shekara da shekaru, yana kwance a kan darduma, ƙafafunsa a kan kujera, yana surutu kamar rediyo, ina bugawa a kwamfuta. Haka muka rubuta shirin barkwancinmu na shagon aski, tun daga kashi na farko har gidan talabijin ya daina nuna shi. Ya watso magana goma, tara shirme ne, in tsinci ɗayar in sassaƙe ta, in gina mata labarin da za ta zauna a ciki. Ranar karatu kuma, da ake tara ma'aikata a karanta musu rubutun a ga inda za su yi dariya, shi ke miƙewa ya yi muryar kowa, ni ina gefe da biro ina duba inda aka yi tuntuɓe. Daga nan aka laƙaba mini Akawu, sunan ya bi ni har kan talabijin: "Rubutawa, Dogo da Akawu." Ban taɓa jin haushin sunan ba, ko in ce ban taɓa tsayawa na duba ko ina ji ba.

Yanzu ga abin da na kasa faɗa miki a waya. Kamfanin da ya ɗauke mu rubuta fim ɗin zane, a matsayin mutum ɗaya ya ɗauke mu, takarda ɗaya muka sa wa hannu. Lokacin da Dogo ya faɗi, abin da muke da shi bai wuce shafi guda ba: kunkuru ne aka ɗauka direban motar 'yan kwana-kwana. Wannan tunanin na Dogo ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai Manajan kamfanin ya kira ni ya tambaya ko Dogo zai iya ci gaba, don in ba zai iya ba za a cire sunansa, kamfani kuma ya janye hannunsa daga hidimar asibitinsa. Kafin nan matar Dogo ta tare ni a barandar asibiti, ido jawur, ta ce don girman Allah kada in bari su san ya ƙare.

Sai na ce wa Manaja harshen ne kawai ya yi nauyi, kan yana nan garau, kuma ni ina gane maganarsa ko da kowa bai gane ba. Na ce kullum in an tashi aiki zan riƙa zuwa gidansa mu yi rubutun tare. Kuma ina zuwa, wannan ba ƙarya ba ce. In zauna a gefen gadonsa, in ce masa ga aikinmu na yau, in karanta masa abin da na rubuta ni kaɗai a ofis. Ya ƙura wa fankar sama ido, wani lokaci kafin in kai rabi ya yi barci.

Shekaranjiya aka yi karatun farko, wani ɗan wasa ya karanta a madadin Dogo. Akwai inda aka kira kunkuru gobara, ya iso ya tarar har an sake gina gidan an yi fenti, ya sauko yana haki ya ce alhamdu lillahi tunda ba a makara ba, ina za a zuba ruwan. Uwargida, ɗakin nan ya kece da dariya. Darakta ya cire tabarau yana share ido, ya ce, "Dogo ko a kwance Dogo ne." Ni ma na yi dariya tare da su. Na dawo gida da farin ciki, don na rufa wa ɗan'uwana asiri, kuma na gano ashe zan iya ni kaɗai.

Ki shafa mini kan yara. Ki daina tsallake abincin rana, na san halinki.

Mijinki,
Akawu


Laraba

Uwargida ran gida,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara. Na samu wasiƙarki. Na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune, faɗan bai ragu ba. Ki ce wa Babba na ga sakamakon jarrabawarsa, wannan lissafin nasa a wajen uwa ya gado, ni ba ruwana.

Kin ce ramin ƙarya ƙurarre ne, in je in faɗa wa Manaja gaskiya tun kafin ta fito da kanta. Ni yanzu ba fitowarta ke damuna ba. Ƙaryar ta samu wurin zama a kamfanin nan har ta miƙe ƙafa, ni ne ma na koma baƙo.

Bari in yi miki bayanin yadda aikin yake, don ki gane inda nake ƙuna. A talabijin, ka rubuta yau, a ɗauka jibi, in barkwanci bai yi daɗi ba mako mai zuwa an manta da shi. Fim ɗin zane ba haka ba ne. Sai an fara ɗaukar muryar 'yan wasa, sannan masu zane su duƙufa su zana baki da ido da kowane motsi a kan muryar nan. In aka canja magana ɗaya daga baya, an zubar da aikin makonni na mutum cike da ɗaki. Shi ya sa Darakta ke bin kowane shafi kafin a shiga ɗaukar murya, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ga kuma yadda yake tsintar. Inda aka yi dariya, ya buga tebur ya ce wannan Dogo ne. Inda aka yi shiru, ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce, "Akawu, nan kai ka cike gurbi ko? Kai masa ya duba." A gaban kowa, har da sababbin ma'aikatan da ba su kai shekarun aikina a duniya ba.

In ɗauki shafin, in koma ɗakinmu na ofis, dardumar Dogo tana nan inda ya bar ta don na kasa naɗe ta. In sake rubutawa, washegari in kawo. Darakta ya karanta ya ce to ka gani, hannu da hannu akwai bambanci.

Makon jiya shaiɗan ya raya mini in gwada wani abu. Akwai wurin da na fi so a duk fim ɗin. An saya wa kunkuru sabuwar mota mai gudun tsiya, karon farko a rayuwarsa ya isa wurin gobara tana kan ci. Ya sauko, ya tsaya yana kallo, ya tambayi mai gidan wai wannan jan abin mene ne, don shi duk shekarunsa a aikin kwana-kwana toka ya sani. Ranar da aka karanta shi ana dab da tashi cin abinci ne, ɗan wasan kuma mura yake yi. Ba wanda ya ko murmusa. Darakta ya ce ko a yanke shi ko a kai wa Dogo. Na karɓa, na jefa shi a durowa, ban taɓa ko ɗigo ba. Bayan kwana biyu na fito da shi na ce Dogo ya yini a kansa.

Ɗan wasan nan dai, ɗakin nan dai, mutanen nan dai. Mai haɗa sauti ya yi dariya har ya ƙware, sai da aka bubbuga masa baya. Da aka lafa, Darakta ya juya wajen sababbin ma'aikata ya shiga koya musu yadda Dogo ya kwashe nauyin maganar ya mayar da shi ƙarshe, wai irin wannan ba a makaranta ake koyonsa ba, baiwa ce. Ina zaune ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ranar ban iya cin abinci ba.

Kada ki ɗauka ina cewa Dogo ba gwani ba ne. Ban taɓa haɗuwa da mutumin da ya kai shi ban dariya ba, ko gaisuwa ya yi sai kin dara. Abin da ke cina shi ne, ashe duk shekarun nan haka ake raba mana rubutu a zuci, mai daɗi nasa, lami nawa, ni kuwa ina can gefe da biro ban sani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. To amma gardin nawa yana kwance, ana ba shi abinci a baki, bai ma san ana yi ba. Ki gaya mini, da wa zan yi fushi?

Na gode da rigar sanyin da kika aiko, ta yi mini daidai sai hannun da ya ɗan yi tsawo. A gaida abokan aikinki.

Naki har kullum,
Akawu


Litinin

Uwargida,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kun koma lafiya kuma yara sun shiga makaranta ba rigima. Tun da kuka tafi bayan hutun nan ban rubuto ba, ga shi har watanni sun shuɗe, ki yi haƙuri. Aiki ne ya sha kaina, an gama ɗaukar murya, masu zane sun kusa kammalawa. Yau kuwa dole in rubuto, don in ban faɗa wa wani ba cikina zai fashe.

Da safe Manaja ya kira ni ofishinsa. Da kansa ya haɗa mini shayi, tun daga nan na san ba lafiya ba. Ya fara da albishir. Masu kamfani sun ga abin da aka gama na fim ɗin, sun yaba, sun yanke shawarar karrama Dogo. Za a ba shi kujerar babban mai ba da shawara, sunansa zai riƙa fitowa a farkon duk fim ɗin da kamfani ya yi, hidimar asibitinsa kuma ta zama tasu har iya rayuwarsa, ba sai ya taka ofis ba. Har an aika wa jaridu. Wallahi na ji daɗi, har na ji ƙwalla ta taru mini.

Sai ya gyara zama. Ya ce fim na gaba za a kawo matasan marubuta a raine su a kan salon Dogo. Ni kuma, da zarar wannan ya fito, aikina da su ya ƙare. Ya ce in dubi zamani, yanzu kwamfuta ma mutum yana magana tana bugawa. Ya yi mini godiya sosai a kan haƙurin da na yi na kai takardu gidan Dogo da dawo da su kullum, ya ce ba kowane aboki ne zai yi wannan jigilar ba. Jigila, Uwargida. Fim guda na haifa daga shafi ɗaya, ana gode mini a kan jigila.

Kin san abin da mijinki ya ce? Na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya, sai na ji kaina na ce to. Ya ƙara wani bayani, na ce haka ne. Har godiyar shayi na yi masa.

Na yini ina juya abin, gaba kura baya sayaki. In na faɗi gaskiya da bakina, na zama maƙaryacin da ya yaudari kamfani fiye da shekara, Dogo kuma ya rasa kujera da asibiti a rana ɗaya. In na yi shiru, da furfurata zan fita neman aiki, kuma duk wanda ya san harkar nan ya san ni a matsayin mai buga wa Dogo rubutu.

Amma na hango wata ƙofa. Kin ga Dogo da idonki lokacin hutu, magana ta fara dawo masa, a hankali dai amma ana ganewa. In shi da kansa ya ce wa Manaja tun da ya kwanta ni kaɗai ke rubutun, ba za su iya ƙwace abin da suka riga suka shelanta wa duniya ba, kunya ma ba za ta bar su ba. Shi ya tsira da kujerarsa, ni in tsira da aikina. Magana ɗaya ce, ba ta fi numfashi biyu ba. Tare muka fara da shi tun muna rubuta tallan sabulu a rediyo, muna raba burodi ɗaya. Ba zai hana ni ba. Ranar Asabar zan je in roƙe shi.

Ki taya ni da addu'a. Kada ki faɗa wa yara komai tukuna.

Mijinki,
Akawu


Lahadi

Uwargida,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. 

Na je jiya da la'asar. Na tafi da kwamfuta, da wani yanki na fim ɗin da aka gama zanawa aka sa masa launi, na ce bari in fara faranta masa rai kafin in kawo buƙatata. Na same shi a falo, a zaune a kujera. Har ya nuna mini yadda yake takawa da sanda daga kujerar zuwa bakin ƙofa, yana ja da ƙafar dama, matarsa tana biye da shi da hannu a buɗe.

Na kunna masa wurin sabuwar motar nan. Da kunkuru ya tambayi mene ne jan abin, Dogo ya yi dariya da rabin bakinsa har hawaye ya zubo, kafaɗarsa ta hagu tana rawa. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ya faɗi. Na ce a raina yanzu ne lokacin.

Kafin in buɗe baki ya kama wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya. Ya fara magana, kalma ɗaya ya huta, kalma ɗaya ya huta, na kasa katse shi. Ya ce yana tune da ranar da wannan barkwancin ya zo masa. Wai yana kwance yana kallon fanka, abin ya faɗo masa, bakinsa ya ƙi furtawa, amma ni na gane na rubuta. Ya ce a farkon ciwon ya ɗauka kansa ya mutu tare da hannunsa, har ya riƙa roƙon Allah ya ɗauki ransa, masu gasa masa jiki in sun zo ya juya musu baya. Amma kullum in na zo na ce ga aikinmu na yau, na karanta, sai ya ji maganar tasa ce, irin tasa ce sak, ya san ashe kan yana nan da rai. Wai shi ya sa ya tashi. Sannan ya matsa hannuna ya ce, "Ka ƙoƙarta, Akawu. Ka fara koyo."

Na ƙura masa ido ina neman alamar tsokana. Kin san Dogo, in zai ja mutum da wasa akwai yadda girarsa ke ɗagawa. Babu. Mutumin nan har ga Allah ya yarda shi ya rubuta fim ɗin. Ni na zauna a gefen gadonsa wata da watanni ina zuba masa shi a kunne yana tsakanin barci da farke, ina ce masa namu ne. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na haɗiye maganata, na ce masa ai a wurinsa nake koyo.

Matarsa ta rako ni bakin ƙofar gida, abin da ba ta saba yi ba. Ita ta san komai, ita ke shigo mini da shayi ta tarar ina karatu shi yana minshari. Ba ta yarda mun haɗa ido ba. Ta ce ta ji abin da kamfani ya yi mini, kuma ta san abin da ya kawo ni yau. Ta ce likita ya faɗa mata ba maganin da ya tashe shi kamar wannan aikin da yake ganin yana yi. Sai ta ce, "Ka bar masa. Kai kana da ƙafarka da bakinka, shi wannan kaɗai ya rage masa." Na so in tambaye ta wane bakin, amma na ce mata sai da safe.

Zan faɗa miki abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba. Haushinsa nake ji. Mutumin da ba ya iya ɓalla maɓallin rigarsa, shi nake jin haushi. Da ƙarya yake yi da na samu abin kamawa, in zage shi in huce. Da cuta ta ya yi da gangan da na san inda zan kai ƙara. Amma ya kalle ni da idon nan nasa cike da godiya ya kwashe abu ɗaya da na taɓa yi ni kaɗai a rayuwata, kuma in na ce a ba ni kayana, na kashe shi. Na dawo gida a ƙafa don ban son zama kusa da kowa a mota.

Kin yi gaskiya tun farko, ba sai kin tuna mini ba. Ki sumbaci Auta, ki ce wa Babba ya rage ƙwallo.

Naki,
Akawu


Juma'a

Uwargida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya. Wasiƙarki ta iso shekaranjiya, zan zo kanta. Bari in fara ba ki labarin nan.

Kin ga hoton ranar da aka fara nuna fim ɗin a jarida. Dogo ne a tsakiya da farar riga da sandarsa, jama'a sun miƙe suna tafi. In kin duba gwiwar hannunsa ta dama za ki ga wasu yatsu sun riƙe ta. Nawa ne, iyakar abin da ya shiga hoton ke nan. Washegari na kwashe kayana daga ɗakinmu, na aika wa matarsa dardumar.

Ban zauna ba. Na rubuta sabon shirin barkwanci a kan wata makarantar koyon tuƙi, da sunana ni kaɗai a sama, na kai wani gidan talabijin. Shugabar shirye-shiryensu ta kira ni, mace mai kirki. Ta ce ta yi dariya ƙwarai, amma ba za su ɗauka ba, don daga farko har ƙarshe kwaikwayon Dogo ne, musamman Dogon fim ɗin kunkuru. Ta ce ba laifina ba ne, wanda ya daɗe a gindin babbar bishiya dole inuwa ta rufe shi, in je in nemi muryata.

Daga ofishinta ban zarce ko'ina ba sai wurin Darakta. Ban san na iya magana haka ba. Na zazzage masa komai, tun daga barandar asibiti har shafin da na jefa a durowa. Na manta da matar Dogo, na manta da likita, na manta da kujerar. Ya saurare ni har na gama, ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce saboda shekarun da muka yi tare zai yi kamar bai ji ba, kuma ba zai bari ta fita daga ɗakin ba. Ya ce rashin aiki yana sa mutum ya faɗi abin da ba halinsa ba, amma hassada ga mara lafiya ba ta yi kama da ni ba, in je in nemi gafarar Allah. Har dafa kafaɗata ya yi.

Na sauko daga benen ina jin kunya da sauƙi a haɗe. Na sayar da ɗan'uwana, ba a ma samu mai saye ba. Dogo dai ya tsira, ko ni ban isa in taɓa shi ba yanzu. Gobe zan je wurinsa, ya aiko wai yana da sabon labari, in zo da kwamfuta. Zan je, ina kuma zan je in ba can ba.

Yanzu wasiƙarki. Na ji daɗi da kika kai yara da abokan aikinki suka kalla, na ji daɗi da Auta ya dawo gida yana tafiyar kunkuru. Na gode da duk abin da kika faɗa a kan aikina. Sai a ƙasan shafi na biyu kika ce wurin da ya fi kashe ki da dariya shi ne inda matar kunkuru ta rako shi bakin ƙofa tana jera masa kada ka yi kaza, kada ka manta kaza, ta yi sallama ta shiga gida, ta yi wanki ta shanya, ta fito ta tarar bai gama fita daga ƙofar ba, ta ce yauwa, tunda kana nan, ta ɗora daga inda ta tsaya. Kika ce wannan kam ai cikin tsofaffin barkwancin Dogo ne da kuka ajiye tun yana lafiya, ko?

Ba na Dogo ba ne. Ranar da na raka ku tasha bayan hutu, kin yi mini sallama kika shiga mota, motar ta ƙi cika. Ina tsaye a rana, kika zuge gilashi kika ce yauwa, tunda kana nan, kada ka bar dutsen guga a kunne, kuma maganin hawan jininka yana saman firji. Daga tashar na wuce ofis na rubuta shi, ina yi ina kewarki. Maganarki ce, ko kalma ban canja ba.

Ban ce kin yi laifi ba, kowa ma haka yake ji. Na dai ɗauka akwai mutum ɗaya da ba sai na yi wa bayani ba.

Ki gaida yara. Ba sai kin ba ni amsar wannan ba.

Mijinki,
Akawu